Ungozomar Kaji

A shekarun da Nasara bai daɗe da kafa barikinsa a Birnin Kebbi ba, an yi wani mutum a Gwandu ana ce da shi Ɗahiru. Dogo ne siriri, da ɗan gemu irin na bunsuru, kuma tun da ya yi wayo ba a taɓa ambatar wata sana'a a gabansa ya ce bai iya ba. Ya taɓa wanzanci, ya bar wani bawan Allah da rabin suma da kunne guda a naɗe cikin tsumma. Ya taɓa gini, rumbun da ya ɗora bai ga kaka ba. Amma in ya zauna gindin cediyar bakin kasuwa yana ba da labarin kansa, baƙo sai ya ɗauka shi ya haƙa gulbi.

Matarsa Maimuna 'yar Dalijan ce, mai haƙuri da kaifin baki. Abin da ta mallaka a duniya kajinta ne. Su take sayarwa ta yi zane, su take yankawa in 'yan uwanta sun zo.

Abin ya faro ne daga kazar maƙwabciyarsu, wata tsohuwa mai daddawa, Inna Kubura. Ƙwai ne ya maƙale wa kazar. Tun safe take shiga akurki tana fita, ta tsuguna ta yi yunƙuri, gindinta na buɗewa yana rufewa, ba abin da ya fito. Da rana ta take sai ta saki fukafukai ta lumshe ido. Tsohuwa ta ga kada ta yi mushe, ta leƙa ta saman danga tana neman namijin da zai yanka. Duk mazan unguwa suna gona, sai Ɗahiru.

Ya karɓi kaza ya matse ta a hammata, ya tsuguna kusa da murhun da ake dafa kalwa, yana wasa wuƙa a dutse yana ba tsohuwa labarin ranar da ya yanka raƙumi shi kaɗai. Labarin ya yi tsawo. Tururin tukunya na dukan kaza, hammata kuma na matsa ta duk sa'ad da ya motsa hannu don ya nuna girman raƙumin. Can sai kaza ta yi wani ɗan nishi, ƙwai ya faɗo cikin toka, ko tsagewa bai yi ba.

Ɗahiru ya dubi ƙwai, ya dubi wuƙa, ya mayar da ita kube. Ya ce wa tsohuwa da ma abin da yake jira ke nan, wasa wuƙar ma don kaza ta tsorata ne ta ƙara yunƙuri. Inna Kubura ta yi ta sa masa albarka, ta ba shi ƙwan. Kafin la'asar mutanen gindin cediya sun ji cewa ƙwan a gicciye ya zo, sai da ya zura hannu har gwiwa ya juyo shi.

Da aka taru a kansa, ya share ƙasa da tafin hannu ya zana musu cikin kaza. Ya ce duk wanda ya taɓa feɗe kaza ya ga ƙananan ƙwayaye jingim a bayanta kamar 'ya'yan kanya, ya kuma ga wani farin hanji mai lanƙwasa wanda ba na abinci ba. To, ta nan ƙwai ke bi. Hanjin matsewa yake yana saki, yana tura ƙwai gaba kamar yadda maƙogwaro ke yi da lomar tuwo, sai dai shi waje yake turawa. Har nan ba wanda ya yi masa musu, don gaskiya ya faɗa, abin da ya ba kowa mamaki.

Sai ya ɗora. Ya ce ke nan ƙwan wata guda yana nan jere cikin kaza, rowa da lalaci ne suka sa take ba mutane ɗaya-ɗaya. In aka sami mai sani ya taya hanjin nan matsa, kaza za ta juye na wata a wuni. Ga shi an ce Nasaran bariki ba sa karya kumallo sai da ƙwai, kukunsu kullum yana zaga ƙauyuka da kwando. Ya ce su zuba ido, kafin ruwa ya ɗauke za a naɗa shi Sarkin Ƙwai, da doki da alkyabba.

Wani tsoho ya ce, "In ta juye na wata a wuni, sauran kwanakin mi za ta yi?"

Ɗahiru ya ce, "Ta huta mana, baba. Ai ita ma ɗiyar wani ce."

Da kajin gida ya fara, ranar da Maimuna ta tafi suna. Ya nemi abin ɗauri bai samu ba, sai ya ga wani zane a kan igiya, ya yayyage shi. Ya bi kaji ɗaya bayan ɗaya ya yi wa kowacce ɗamara a ciki, ya tamke. Da Maimuna ta dawo ta tarar wasu na tafiya da baya, wasu na kwance ƙafafu sama suna haki, zakara kuma ya jingina da turmi ya rasa ta inda zai yi cara.

Ta ce, "Maigida, mi kajina suka yi maka?"

Ya ce aiki yake koya musu.

"Zakaran fa, shi ma ƙwan zai yi?"

"Shi don kada su ga an yi bambanci ne."

Ta sunkuya ta kwance wa wata, sai ta gane zanenta na zuwa biki. Ta ce to madalla, ita ma ba ta son bambanci, duk ranar da ya shanya rigarsa ta Juma'a ya zauna kusa da ita. Daga ranar kajin suka riƙe ƙwansu, ko ɗaya ba su saka ba. Ɗahiru ya ce tarawa suke yi.

Da tarin ya ƙi ƙarewa, sai ya ce ya gano inda aka yi kuskure. Matsi daga waje ba ya kai wa hanjin, daga ciki ya kamata a taɓo shi. Ya sa aka yi shela a unguwa, duk mai kaza ta kawo, kyauta ne, don Allah yake yi. Mata kuwa suka kawo, don Inna Kubura na nan tana rantsuwa da idonta ta ga abin da hannunsa ya yi. Ya jiƙa ganyen filasko da tsamiya cikin babbar ƙwarya, irin jiƙon da ake ba ƙato in cikinsa ya ɗaure, ya riƙa buɗe bakin kaji yana ɗura musu da ludayi. Ya ce kowa ta koma ta gyara akurki ta nemi kwando.

Hanji ya matsa kam, sai dai ba wanda ake nufi ba. Kafin azahar ba inda za ka sa ƙafa a unguwar. Kaji suka bi shanyar gero, suka bi tabarmi, suka bi bakin rijiya. Wata ta hau kan farar rigar ladan da aka shanya a danga, ta yi tafiyarta daga wuya har gindi, ta dawo. Ladan ya zo ƙofar gidan Ɗahiru riƙe da rigar da 'yan yatsu biyu, ya tambaye shi ko wannan ne ƙwan da za a kai wa Nasara.

Ɗahiru ya ce malam ya yi haƙuri, ita kaza ƙofa ɗaya gare ta, kuma ko a gidan sarauta sai an share hanya kafin babban baƙo ya fito. Ladan ya ce to shi ba hanya ba ne. Ya jefa masa rigar ya ce a wanke.

Wani da ya ga haka da ya bari. Ɗahiru kuwa washegari yana wucewa ta rumfar mahauta sai ya tsaya cak. Albarka, makaɗin mahauta, yana kaɗa kalangu, yana matse igiyoyin a hammata yana saki, kalangu na kuka yana sauka. Ɗahiru ya ce ga hanjin kaza nan a hammatar mutum, shi yana can yana wahala da ganye. Kaji ba su ƙi aiki ba, ba su san lokacin matsewa da lokacin saki ba ne. In suka ji a kunne, ciki zai ɗauka. Ya ba Albarka goro, Albarka ya ce ko kada ake so ya yi wa kiɗa zai yi.

Da ƙyar ya shawo kan mata suka sake ba da kajinsu, bayan ya ce wannan karon ba abin da zai shiga bakinsu. Ya kafa zana a fili ya kewaye su. Gari ya taru, har da masu hawa bishiya. Albarka ya saki kiɗa. Ɗahiru ya shiga tsakiyar kaji ya naɗe riga, ya ce sai an nuna musu. Ya tsuguna ya buɗe gwiwoyin hannu, in kalangu ya matse ya yi nishi ya tura gindi baya, in ya saki ya sauke numfashi. Yana yi yana zagayawa yana ce musu su duba shi da kyau.

Kaji suka duba shi da kyau, suka tashi gaba ɗaya. Zana ta faɗi. Wasu suka hau rufin ɗakuna, wata ta faɗa rijiya, wata ta shiga tukunyar mai ƙosai, 'yan tsaki suka watse cikin ciyawa shaho na bi yana tsinta. Ana cikin haka wata kaza wake-wake da ta tashi ta saman kansa ta saki ƙwai don firgita, ya faɗo cikin naɗin rigarsa. Ɗahiru ya ɗaga shi sama ya ce a tsai da kiɗa, a zo a ga aiki.

Mutane suka matso. Ƙwan ba shi da ɓawo. Lokacinsa bai yi ba tsoro ya koro shi, fata ce kawai lugub-lugub, ana hango gwaiduwa a ciki. Aka soma dariya, sai ya ɗaga murya ya ce jahilci ne ke damunsu, wannan sabon samfuri ne, Nasara ba sai ya sha wahalar ɓarewa ba. Ya ɗan matsa shi don ya nuna ƙwarinsa. Ƙwai ya fashe, ya bi gemu ya gangara cikin riga.

Da yamma matan unguwa suka zo da muciya da taɓarya. Ɗahiru ya shige rumbu ya ja murfi. Maimuna ce ta tsaya a ƙofa ta ba su haƙuri, duk wadda kazarta ta mutu ko ta ɓata ta kama daga cikin nata ta ba ta, har akurkin ya koma ba kowa sai wata gurguwa da zakara. Da suka watse ta ɗaure kayanta ta aje tsakar gida, ta aika aka kira ladan. Ta ce a gaban malam ya rantse ba zai ƙara taɓa kaza ba, in ba haka ba yau a Dalijan za ta sha ruwa. Ɗahiru ya fito daga rumbu da ƙaiƙayi a ka, ya rantse.

Gida ya yi lafiya har aka yi girbi. Amma shi makaɗi ba ruwansa da yadda aiki ya ƙare, wanda ya ba shi goro shi ne gwani. Albarka ya bi mahauta cin kasuwanni yana kaɗa taken Ɗahiru, ungozomar kaji, mai sa dutse naƙuda. Take ya yi ta tafiya har Kalgo, ya shiga kunnen Madugu Jibrin.

Madugu Jibrin attajiri ne, fataken goro yake ja zuwa Gwanja. Ya gina sabon zaure, yana son ya ɗora ƙwan jimina a ƙololuwarsa kamar yadda manya ke yi, kuma ya rantse ba zai sayi ƙwai a kasuwa ba, sai wanda aka saka a gidansa. Don haka ya sayi 'yar jimina hannun wasu fatake, ya yi ta kiwo. Ta girma, ta cinye dawa, ta cinye wake, ta haɗiye mabuɗin taska, ba ƙwai ba alamarsa. Da ya ji take sai ya tashi manzo zuwa Gwandu, ya ce in Ɗahiru ya sa ta ta saka, karsana ce ladansa.

Maimuna ta tuna masa rantsuwa. Ya ce kaza ya rantse a kai, jimina kuwa ba kaza ba ce. Ta ce ita ma jiminar ta san da haka. Ya ce ta bar shi ya je ya jawo karsana, ta manta da zancen kaji har abada. Ya sa bujensa, wandon nan mai zurfin hantsa, da hula ya bi manzo.

Duk hanya yana gaya wa manzo cewa tsuntsu tsuntsu ne, hanjin ɗaya ne, girma ne kawai ya bambanta. Da suka isa aka kai shi garke ya ga abin. Ta fi shi tsawo, shi da ake kira dogo. Baƙa ƙirin ce da fararen gashi a fiffike, wuya ja kamar an feɗe, cinyoyi kamar na ɗan dambe, ga wani farce a ƙafa irin bakin gatari. Ta sunkuyo ta dube shi da ido ɗaya, ta cire masa hula ta yar.

Madugu ya tambaye shi me ya gani. Ɗahiru ya ce ƙwai na nan, ya ma hango shi, hanjin ne ya yi sanyi don ba a taɓa motsa shi ba. Madugu ya ji daɗi, ya ce to gobe kasuwa, a can za a yi, don masu cewa ya yi asarar dawa su gani da idonsu. Ya ƙara da cewa shi mutum ne mai son wasa, amma bai iya a yi masa dariya ba.

Da sassafe Ɗahiru ya zaga bayan gari inda ake sayar da ƙorai, ya zaɓi duma mai siffar ƙwai. Ya huda shi ya ɗura yashi don ya yi nauyi, ya toshe da danƙo, ya shafe shi da farar ƙasa ya shanya. Da ya bushe ya zura shi cikin hantsar buje ya tamke tazuge. Dabararsa ita ce ya shiga ƙarƙashin fukafukan jimina, ya sassauta tazuge, ya gangaro da duma tsakanin ƙafafunta, ya karɓi karsana ya bar gari kafin wani ya ƙwanƙwasa. Ya shigo kasuwa yana tafiya a tale kamar agwagwa. Mutanen Kalgo suka ce lalle wannan ya san aiki, ko tafiyarsa ta tsuntsaye ce.

Barorin Madugu suka jawo jimina fili, an rufe mata kai da buhu. Albarka na nan, ya biyo mahauta, ya gyara kalangu. Aka shimfiɗa wa Madugu buzu. Ɗahiru ya zagaya tsuntsuwar yana shafa ta yana ce mata ɗiyata, ki yi haƙuri, kowace mace da haka ta fara. Ya yi wa jama'a bayanin hanji, matsewa da saki, har ya ji tsoron ya sake shi saboda daɗin muryarsa. Nan ya yi abin da ba ya cikin dabara. Ya ce a cire buhun, shi ba ya karɓar haihuwa a rufe wa mai naƙuda ido.

Aka cire. Ya rungumo ta ta baya, ya zagaya hannuwa ƙarƙashin fukafukai, Albarka ya matse kalangu, shi ma ya matse.

Jimina ta yi wani gurnani ta zabura, barori suka saki igiya. Ɗahiru bai san lokacin da ya tsinci kansa a bayanta ba, ya ƙanƙame fiffike, dumansa na dukan cinya. Ta bi ta layin masu nono, ƙorai suka tashi sama. Ta bi ta kan masu busasshen kifi, ta ratsa tukwane, ta shiga rumfar masu tabarmi ta fito da rufin a wuya. Jakuna suka tsinke. Shi kuwa yana sama yana kiran sunan Allah, yana kuma ce wa mutane kada su tsorata, naƙuda ce. Da ta kawo tsakiyar kasuwa ta yi wata juyawa, ya tashi sama, ya diro a tsugune gaban buzun Madugu, ƙafafu a buɗe. Wani nishi ya ƙwace masa, tazuge ya tsinke. Farin abu ƙato ya gangaro daga cikin wandonsa, ya mirgina a hankali ya tsaya a ƙasa.

Can wata Bafulatana mai nono, wadda ƙwaryarta ta fashe, ta matso ta leƙa ƙwai, ta leƙa Ɗahiru, ta ce, "Barka da arziki." Wata tsohuwa ta rangaɗa guɗa.

Ɗahiru ya riƙe wando da hannu ɗaya ya miƙe. Ya ce a bar guɗa, ƙwan jimina ne, a guje ta sake shi, shi kuma ya cafe ya ɓoye a wando don kada ya fashe, aikin da ba kowa zai iya ba. Wasu har sun soma gyaɗa kai. Sai ga jimina ta dawo da kanta, tana taku ɗaya-ɗaya, jama'a na darewa. Ta zo gabansa ta durƙusa. Ta baje fukafukai tana kaɗa su, wannan ya tashi wannan ya sauka, ta kumbura jan wuyan nan tana lilo da shi dama da hagu, ido na kan Ɗahiru.

Wasu Buzaye masu gishiri da ke gefe suka fashe da dariya har rawaninsu na kwancewa. Aka tambaye su, suka ce ai baƙar jimina namiji ne, macen toka-toka take, kuma wannan rawar ita yake yi in ya ga wadda yake so.

Dariya ta tashi, kuma Madugu ya ji ta soma karkatowa wajensa, shi da ya daɗe yana zuba wa namiji dawa yana jiran ƙwai. Bai bari ta iso ba. Ya ɗaga hannu aka yi shiru.

Ya ce, "Malam Ɗahiru, tsuntsuna namiji ne, ga shaidu. Wanga ƙwai kuwa daga wandonka ya fito, ga kasuwa. Ko dai kai ka saka shi, ko ko ƙwan ƙarya ka kawo ka cuce ni, mu tafi gaban alƙali. Wanne ne?"

Ɗahiru ya dubi barorin Madugu, ya tuna yadda bulalar alƙali take kwanciya a bayan mai zamba. Ya dubi jimina, tana nan tana rawa. Ya sunkuyar da kai.

"Ni na saka shi, ranka shi daɗe."

Madugu ya ce alhamdu lillahi, ashe dawarsa ba ta tafi banza ba, tun da ta wajen uba ƙwan na gidansa ne. Kuma shi bai gaji raba uwa da ƙwanta ba. Ya sa aka kawo ciyawa aka yi sheƙa a nan tsakiyar kasuwa, aka ɗora ƙwai, ya ce mai shi ya hau ya yi kwanci har ya ƙyanƙyashe.

Haka Ɗahiru ya wuni a tsugune kan duma, rana na dukansa. Ciniki ya tsaya. Mata na watsa masa tsabar gero, masu nono na tambaya ko a kawo ruwan zafi, wani ya zo da akurki ya ce ko zai gwada. Jimina ta ƙi barin wurin, tana zagaya shi, duk wanda ya matso da yawa ta kai masa sara. Wani mahauci ya tsaya daga nesa ya tambaye shi yaya abin yake, da gaske ne matsewa yake yana saki? Ɗahiru ya yi kamar ba zai amsa ba. Can ya ce ai ya danganta da girman ƙwai, ya soma bayani.

Wajen la'asar ƙafafunsa suka gaji, ya saki nauyinsa gaba ɗaya. Duma ya ce ɓarau, yashi ya kwararo ta ƙarƙashinsa. Madugu ya zo ya sa sanda ya tona, ya girgiza kai, ya ce ashe baragurbi ne, amma kada ya damu, haihuwar fari ta gaji haka. Ya yi dariya har da hawaye, ya ce a sake shi ya tafi. Sai da barori suka rufe wa jimina kai sannan ya samu ya fita gari.

Ya kamo hanyar Gwandu a ƙasa, ba karsana, ba hula, wando ɗaure da igiyar rama. Ya riƙa ratse yana kauce wa garuruwa, yana shirya labarin da zai bayar, na yadda Madugu ya roƙe shi ya zauna ya ƙi. Bai san Albarka ya riga shi isa a kan jakin mahauta ba, da sabon take.

Tun daga bakin unguwa ya hango hayaƙi a gidansa. Ya shiga ya tarar da tsakar gida cike da mata. Inna Kubura na fifita wuta ƙarƙashin wata babbar tukunya, ruwa na tafasa da ganyen runhu. Suna ganinsa suka ɗauki guɗa, kowacce na yi masa barka da sauka lafiya. Ladan ya leƙo ta danga ya ce a sanar da shi ranar suna da wuri, don ya nemi rigar sawa.

Ɗahiru ya nemi Maimuna da ido, yana duba ko kayanta na ɗaure. Sai ga ta ta fito daga ɗaki da ƙwarya a hannu, fuskar nan ba dariya ko kaɗan. Ta shimfiɗa masa tabarma ta ce ya zauna a hankali. Ta ce ba inda za ta, don ya cika rantsuwarsa, bai taɓa kaza ba, kuma ba a barin mai jego shi kaɗai. Ta miƙa masa kunun kanwa mai zafi.

Rabonsa da abinci tun Kalgo. Ya dubi matan, ya dubi kunu, ya karɓa ya kafa kai, bai sauke ba sai da ya ga gindin ƙwarya. Ya goge gemu, ya yi gyatsa, ya miƙa wa Maimuna ƙwaryar.

Ya ce, "Kanwar ta yi kaɗan. Gobe in za ki dama ki tambaye ni, mu da muka san zafin abin."